Kakata Ta Tsayar Da Ni A Bakin Kogi

Anti Margaret, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi, na kasa zaune na kasa tsaye.

Ni ɗalibar jami'a ce, gidanmu na Sabon Gari a nan Minna. A zangon nan na ɗauki darasin tatsuniyoyi da almarar al'ummun duniya. Na karanta na Girkawa, na Indiyawa, na Misirawa, yadda kowa ke ba da labarin farkon duniya. Abin ya shiga raina, har a cikin keke karatu nake. Sai malaminmu, Dakta Zikrullahi, ya ce kowa ya koma gida ya kawo labari guda daga bakin tsoho. Nan kunya ta kama ni, Anti. Na haddace sunayen allolin Girka, amma ban san ta inda kakannina suka fito ba.

Na hau mota sai Gwada, wurin kakata Magdalina. Ashe akwai labarin yadda zuriyarmu ta sauko daga kan dutse, kuma ita kaɗai ta rage da ta san shi. To, ga inda gizo ke saƙar: a gidanmu ba a zama a saurari labarin nan haka kawai. Ana ɓarar gyaɗa, tsohuwa ta faɗi gaɓa ɗaya, ke kuma ki maimaita mata da bakinki, da yaren Gbagyi. In ba ki kawo daidai ba, ba za ta wuce ba. Ni kuwa a Minna na tashi, yarenmu sai gaisuwa da sunan abinci. Da ƙyar na kai inda kakanninmu suka iso bakin kogi, kaya a kafaɗa, ruwa ya cika ya batse. Nan harshena ya sarƙe. Kaka ta yi dariya, ta kakkaɓe zanenta, wai ranar da na iya faɗa sai mu haye.

Na roƙe ta ta faɗa da Hausa, ta ƙi. Na ciro waya, ta ce in mayar jaka, ita ba ta hira da ƙarfe. Ƙawata Vivian ta ce in kunna wayar a ɓoye in nemi mai fassara, ai ba wanda zai sani. Mamana kuma cewa take in rabu da zancen mutanen da, mu masu zuwa coci ne, alhali Kaka ba ta fashin sujada. Lokacin miƙa aiki ya matso, ga tari ya sa Kaka gaba, duk ta rame. Ina kwana ina tashi da kakannin nan namu tsaye a bakin ruwa. Tsoro nake ji ta tafi ta bar min su a can. In ɓoye wayar ne, ko yaya zan yi?

Mai rabin labari, Sabon Gari.

'Yata, ki nutsu. Abu biyu kika haɗa a tukunya ɗaya, makin jarrabawa da gadon gidanku. Raba su.

Na malam mai sauƙi ne. Kaka ba ta rasa tatsuniyar da take yi wa kowane jika, ki nemi izininta ki rubuta ɗaya. Ko ki je ki gaya wa Dakta yadda ake miƙa labari a gidanku. Malamin da ya san aikinsa zai ga wannan kaɗai ya isa nazari.

Vivian ba mugunta take nufi ba, kuma gaskiya ne waya tana adana magana. Amma tsohuwa ta ce a'a. In kika ɗauka a ɓoye, za ki sami murya ki rasa amana. Kuma ba rowa take miki ba. Haka ita ma ta karɓa, ta san abin da baki ya maimaita shi ke zama. Mamanki kuma kada ki ja da ita. Ki roƙe ta ta riƙa yi miki yare in kuna girki, don ba ki da malamar da ta fi ta kusa. Wa ya sani, wataƙila ita ma a bakin kogin nan ta tsaya tun tana budurwa.

Kafin komai, a kai Kaka asibiti a duba tarin nan. Sannan Gwada ba nisa, ki mai da garin wurin zuwanki duk ƙarshen mako, ki bar kunyar kuskure a tasha. Dakta Zikrullahi zai iya ƙara miki lokaci in kin roƙa, Kaka kuwa ƙarin ba a hannunta yake ba. Ki sayi gyaɗa ki tafi Asabar ɗin nan, ki haye da mutanenki.

Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya warware miki harshe.