Muryoyin Wagiman da Ka Bari a Hannuna

Zuwa ga Baban Hadiza,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma bakina ya cika da magana.

Na fita takaba. Hadiza ta shiga lakwal, makarantar boko ta nan Vénissieux, a gefen Lyon. Yayanka Alhaji Sani ya zo daga garin Stains, yana so mu tattara mu koma wajensu. Na ba shi haƙuri. Ba zan bar Lyon ba sai na sauke nauyin da ka bari.

Na buɗe ordinatarka, kwamfutar da kake aiki da ita, na saurari tsofaffin nan na Pine Creek, a arewacin Ostiraliya, da ka ɗauko muryoyinsu suna magana da Wagiman. Ka tuna yadda kake tsare ni a kicin da bayani? Wai harsunan mutanen asalin ƙasar galibi dangin juna ne, amma Wagiman shi kaɗai yake, masana ba su tabbatar masa da ɗan'uwa ba. Wai masu jin sa sosai tsofaffi ne ƙalilan, jikoki sun koma Kriol da Ingilishi. Ina yanka albasa ina gyaɗa kai, ka ɗauka ba na saurare. Ina saurare. Ranar da abokanka suka yi maka dariya a unguwar Barbès, wai ka baro Maradi kana bin yaren da ba na kakanka ba, ni alfahari na yi da kai. Ban taɓa gaya maka ba.

A wani faifan, tsohuwar da kake ce wa Inna tana jero sunayen itatuwa, ta yi dariya, kai ma ka yi. Sai na ji tarinka. Me ya hana ka ganin likita tun lokacin?

Ka yi wa Inna alkawarin mayar wa jikokinta muryarta. Ni aikina sayar da magani ne, ban karanta ilimin harshe ba. Amma jera faifai da rubuta sunan kowa a kan nasa bai fi ƙarfina ba. Kowace Asabar ni da malamarka ta jami'a muna kan aikin. An aiko mana cewa Inna tana raye, sai dai jiki ya yi rauni, shi ya sa ba na wasa da lokaci. Na nemi biza, na ɗauki hutu. Da hannuna zan kai mata faifan, in gaya mata abin da ya hana ka komawa.

Allah ya haskaka kabarinka.

Matarka,
Rabi