Almakashin Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Baba ya riƙe hannuna jiya, karo na farko tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Umma ta ce ya gane ni. Likita ya ce kada mu yi saurin murna, domin hannu yakan damƙe abin da ya taɓa shi ko da mai shi bai san inda yake ba. Sai sun tabbatar yana fahimta kafin su sa shi a sashen koyon magana, kuma gurbi ɗaya ya rage a can.

Umma tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune, har abokan aiki suka tambaye ni ko lafiya.

Aikin ƙamus ya kawo ni kan wata kalmar Turanci mai nufin riƙewa, mai nufin fahimta kuma. Asalinta laluben abu ne da hannu. Sai na tuna Baba a shagonsa na ɗinki: bai taɓa yarda da yadi ba sai ya murza shi da yatsu. Ku daina damunsa da tambayoyi irin naku na 'yan jarida. Ki kai masa babban almakashinsa, ki sa masa a hannu.

Allah Ya ba shi lafiya. Ki gaishe min da Umma.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Shawararka ba ta yi aiki ba. Ya riƙe almakashin, ya sake shi, idonsa na kallon bango.

Da na gaji da jira, sai na ɗauki almakashin zan yanke rahotona daga jaridar yau in aiko maka. Ban kai rabin shafin ba na ji an cafke min wuyan hannu. Baba ya karɓe almakashin da hannunsa mai lafiya, ya tura shi ƙarƙashin matashi, ya bi ni da hararar nan da ka sani. Na manta dokar gidanmu: almakashin yadi ba ya taɓa takarda.

Umma ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Telana ya dawo, ku shirya shan faɗa."

Nas tana wajen, ta gani. Likita ya ce gobe in sake yanka jaridar a gabansa. Gurbin yana nan, ba a rubuta sunan kowa ba tukuna.

Ka huta lafiya.

Auta