Gara Ta Cinye Rufin Ɗakin Haihuwarmu

Zuwa ga Shugaban Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Hajara, ungozomar da ke taimaka wa malamar jinya a ƙaramin asibitin ƙauyenmu. Tsoro ne ya sa na rubuto.

Na farko, gara ta cinye katakon rufin ɗakin haihuwa. A ido lafiya ƙalau yake, amma na soka masa tsinken tsintsiya ya shige kamar a tuwo. Kullum da safe sai na kankare hanyoyin ƙasar da take ginawa a bango, kafin la'asar ta mayar da su.

Na biyu, ranar Talatar da ta wuce da hantsi, Sa'adatu matar Malam Iro tana kan gwiwa, kan jariri ya riga ya fito, sai silin ya ɓalle ya faɗo. Taku ɗaya ne tsakaninsa da cikinta. Ƙasa da gara suka zubo mata a fuska. Ba halin janye ta, sai na kife a kanta har ta sauka. Ta sami 'ya mace.

Tun daga ranar mata suka ƙaurace mana. Biyu sun haihu a gida, ɗaya ta zubar da jini sosai, ga tsadar mai, ba mai iya ɗaukar mota zuwa birni. Allah ne ya tsare.

Na uku, feshin da aka aiko bara bango kawai ya taɓa. Malamin gona ya duba mana, ya ce gidan garar yana ƙarƙashin ƙasa, daga surin bayan katanga take biyowa, kuma muddin uwar garar da ke cikin surin tana raye aikin banza ake yi. Mun zuba toka da baƙin mai, ko gezau.

Roƙona a turo masu sanin aikin su haƙe surin, su zuba magani kewaye da harsashin ginin, a canza katakon kafin ruwan farko ya ƙara masa nauyi. Kafin nan a kafa mana ko da rumfa ce.

'Yata Binta watanta ya kama. Jiya ta tambaye ni inda za ta haihu. Ni da na karɓi rabin yaran garin nan, ba ni da ɗakin da zan karɓi jikana.

Allah ya ba ka ikon dubawa, ya tsare iyalinka.

Wassalam,
Hajara ungozoma