Kafaɗar Yaya Saifullah

Moshi Zango, Kumasi
Ranar Talata

Zuwa ga aminiyata Hikima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar jaririyarmu. Yaya zafin Tamale? Mu nan sai godiya. Ga littattafanki na ba Alhaji Seini direba ya kawo miki. Mai jan bangon ban gama shi ba, domin abin da ya same ni ya fi abin da ke cikinsa.

Jiya na je Ashanti New Town sayo wa maigida zare. Ina jiran trotro, motar haya, sai idona ya faɗa kan wata fosta ta damben kejin nan da ake kira MMA, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Na ga wana, Yaya Saifullah, da bel ɗinsa na zakara a kafaɗa. Ban yi mamaki ba, kin san harkarsa ke nan tun muna makaranta. Sai na dubi wanda zai kara da shi: mutum ba riga, ya dunƙule hannu, ya haɗe rai. Na ce a raina wannan ya yi kama da mijina. Sannan na karanta sunan, Nurudeen. Motoci suka yi ta wucewa ina tsaye da ledar zare.

Hikima, telan nan nawa da ke zura allura ba ya ko lumshe ido, wanda in na ƙone da man suya shi ke fara cewa wash. Ashe ƙwallon da yake cewa yana bugawa bayan asuba horon dambe ne a Asokore Mampong. Da na tsare shi bai musa ba. Ya ce ya ɓoye ne saboda duk zango an san na rantse ba zan auri ɗan dambe ba, tun ina wanke wa Yaya tawul mai jini. Ya ce shi bai nemi wannan karo ba: nauyinsu ɗaya, ya ci duk waɗanda ke gabansa, saura mai bel.

Yanzu ko wajen mai waakye, shinkafa da wake, na je, zancen ke nan. 'Yan acaɓa na cewa Yaya ne zai ci, dogo ne, ƙafarsa na isa kunnen mutum tun bai matso ba. Mahauta kuwa suna cewa shekaru sun fara kama shi, numfashinsa ba ya kai zagayen ƙarshe, kuma Nurudeen mai haƙuri ne, yana jira sai ya sami ƙafa ya kai mutum ƙasa. Na kalli wasansa a wayar maƙwabciyata. In ya kai mutum ƙasa sai ya nannaɗe shi kamar mesa, ya kama hannu ɗaya ya murɗe, har sai mutumin ya bubbuga tafinsa alamar ya sallama.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Kafaɗar Yaya ta hagu tana gocewa tun haɗarin babur da ya yi. Ni nake shafa masa man kaɗe kafin aurena, kuma ya sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, don kada a hana shi wasa. In aka murɗe wannan hannu da ƙarfi, mai ɗori ya ce ba lalle ya sake ɗaguwa ba. In na gaya wa mijina, na ci amanar wanda ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. In na yi shiru, mijina na iya nakasa shi bai sani ba. Ki ba ni shawara.

Taki har kullum,
Aliya

Moshi Zango
Ranar Juma'a

Hikima tawa,

Ina gaishe ki da gida duka, da fatan zazzaɓin yarinya ya sauka. Na sami amsarki. Kin ce in roƙi ɗaya ya janye. Na gwada. Maigida ya ce in ya janye, kamar ya ce wa Yaya ka tsufa na tausaya maka ne. Yaya kuwa ba zai guje wa mijin ƙanwarsa ba ko da za a yanka shi.

Yau da safe aka yi awon nauyi, na je na laɓe a baya da mayafina. Al'adarsu, bayan awo sai a haɗa mutanen biyu goshi da goshi suna harara ana ɗaukar hoto. Yaya ya fito ya tsaya ƙiƙam. Mijina ya zo gabansa, sai kawai ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda yake yi in mun je gida, har da tambayar mutanen gida. Wurin ya ɗauki dariya, mai shirya wasan ya dafe kai. Yaya ya amsa gaisuwar cikakkiya, sannan ya kama shi ya miƙar. Da hannun dama ya ɗaga shi. Ni kaɗai na lura.

Bayan masallaci na bi Yaya gida ina kuka. Ya tuna mini alkawarina, ya ce yana nan bai warware ba. Na ce to me ya sa ya bar ni na auri ɗan dambe alhali ya sani? Sai ya yi dariya ya ce ai shi da kansa ya kawo mini shi.

Kin tuna ranar ruwan kasuwar Kejetia da na ba ki labari har kika ce in rubuta littafi? Baƙon saurayin da ya miƙo mini lema, ya tafi cikin ruwa bai faɗi sunansa ba, wanda daga baya ya zama mijina? Yaya ne ya aike ni kasuwar, shi ya gaya masa rumfar da zan fake. Lemar ma ta Yaya ce, Hikima. Na ajiye ta a ƙasan akwati da turare, ashe kafin nan shekaru tana rataye a bayan ƙofar gidanmu. Na tambaye shi dalili, ya ce in tambayi mijina.

Gobe ne wasan. Har yanzu ban san abin da zan yi ba.

Taki,
Aliya

Moshi Zango
Asabar da hantsi

Aminiyata,

Sallama da gaisuwa, Allah ya sa kun tashi lafiya. Alhaji Seini na shirin tashi, don haka zan taƙaita.

Da safen nan na kai wa maigida koko, yana zaune yana ɗinke igiyar wandonsa na wasa. Na yanke shawarar zan faɗa, Allah ya yafe mini. Na fara da cewa akwai abin da ya kamata ya sani game da jikin Yaya. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ɗora yatsa a bakina, sannan ya taɓa kafaɗarsa ta hagu.

Ya sani tun kafin ya san ni. Ya ce wata rana suna horo, yana sabon shiga, ya sami hannun Yaya a ƙasa, gaban mutane. Da ya ja kaɗan da ya ci babban zakara, sunansa ya fita a ranar. Sai ya ji ƙashin na zamewa a tafinsa. Yaya bai bubbuga ba, don ba ya sallamawa. Shi ne ya saki, ya mirgina gefe kamar riƙon ne ya suɓuce masa, ya sha dariyar abokai, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba. A makon ne Yaya ya tambaye shi ko yana da mata.

Na zauna a ƙasa da kofin kokon a hannuna. Duk littattafan da muka karanta, ana zaɓen miji ne da ido ko da murya. Ni wana ya zaɓa mini ne da kafaɗarsa.

Na tambaye shi ko zai bar Yaya ya ci. Ya ce a'a, Yaya zai gane, kuma ba zai yafe masa ba. Zai yi da gaske, ya kai shi ƙasa in ya samu, Yaya ma zai nemi kunnensa da ƙafa da gaske. Na ce hannun hagu fa? Ya ce tunda aka sa ranar, hannun dama kawai yake koyon kamawa, har mai horar da shi ya gaji da faɗa.

Ban san wa zai ci ba. Mahauta da 'yan acaɓa har yanzu suna musu a bakin layi. An ba ni kujera a gaba, zan je. Ba zan roƙa wa kowa nasara ba, addu'ata ɗaya ce, Allah ya buɗe yatsun mijina a kan lokaci kamar wancan karon. Sama ta haɗa hadari, na ciro lemar daga akwati.

Kada ki aiko mini da littafi wannan watan. Ki shafa mini kan yarinya.

Taki mai ƙaunarki,
Aliya