Kayan Kaka Sun Cinye Ɗakin 'Yar Mota

Malam, don Allah ka raba ni gardama da mai ɗakina, domin abin ya kai yanzu ba ta zuba mini shayi da hannunta, sai dai ta dire fulas ta wuce.

Ni mai walda ne. Karatuna bai wuce sakandare ba, sakandaren ma da ƙyar, amma da hannayen nan biyu na tashi daga injin walda na haya a bakin titi zuwa shagon da yau yake yi wa manyan gidaje ƙofofi da tagogi. Ko allura ban gada ba. Ba alfahari nake ba, so nake ka san mai maganar ba mai wasa da dukiya ba ne.

Ina da wata doguwar farar mota, ita ce babban abu na farko da na saya da gumina, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Yarana Kaka suke kiranta. A kujerarta ta baya aka haifi autarmu a kan hanyar asibiti, ina tuƙi ina salati, uwar tana zagina. Har yau 'yan'uwanta 'Yar Mota suke ce mata.

Bara Kaka ta mutu mini a tsakiyar titi. Babu hayaƙi, babu ƙara, kawai ta yi tsit. Bakanike ya duba ya ce inji lafiya lau. Sai mai wayarin, wato mai gyaran wayoyin mota, ya zo ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya zaro wani ɗan akwati da bai fi tafin hannuna ba, ya ce ƙwaƙwalwar motar ke nan. Ya buɗe murfin, ya miƙo mini gilashi mai ƙara girman abu. Malam, ka ga ikon Allah. Gari ne guda a ciki! Tituna sirara kamar gashin jariri, da 'yan gidaje baƙaƙe a jere. Ya ce a nan ake yanke yawan man da inji zai sha da lokacin da wuta za ta tashi, sau da yawa kafin ka ƙifta ido. Duk shekarun nan ina zaton ni kaɗai ke tuƙa Kaka, ashe mu biyu ne. Ni da nake narka ƙarfe mai kaurin cinyata na tsaya baki buɗe, ina tasbihi ga wanda ya ba ɗan Adam wannan basira. Abin da ya ƙone a ciki kuwa bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ya lallaɓa ya gyara, amma ya ce kamfanin ya daina yin irinta. Nan hankalina ya tashi. Jikin mota ko ruɓewa ya yi zan yanka in ɗinke, wannan kuwa ba ta jin walda.

Tun ranar na shiga farauta. Duk inda na ji an kwance mota irin tawa, ina can. Na tara ƙwaƙwalwa uku, da sensa kala-kala masu kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, da akwatin fiyus, da agogon gaban direba, har da damin wayoyi sukutum. Na ƙera kantoci na jera su a ɗakin 'Yar Mota, tunda ta yi aure, domin shi ne ɗakin da ba ya danshi, rana kuma ba ta dukansa. Wani lokaci bayan la'asar nakan shiga in buɗe ɗaya in yi ta kallo. Ban taɓa jona ko ɗaya ba, tsoron taɓa Kaka nake alhali tana lafiyarta.

To yanzu cikin 'Yar Mota ya tsufa, an tura mijinta aiki nesa, za ta dawo ta haihu a wajenmu. Uwarta ta ce in kwashe gawarwakina in kai sito na bayan gida. Siton nan yoyo yake in ana ruwa, da zafi kuwa tanda ne. Na ce a tsaga wa yarinyar falo da labule. Ta ce jikanta ba zai kwana bayan labule ba wayoyi na kwance a ɗaki. Ita kuwa yarinyar ta bugo mini waya tana dariya, wai tunda a mota aka haife ta, a shimfiɗa mata tabarma a gareji. Dariyar nan ta fi faɗan uwarta ci mini rai.

Burina in ɗauko jikana daga asibiti a cikin Kaka, in ya girma ya tuƙa ta. Laifi ne? Yaya zan yi?

Mai Walda, uban 'Yar Mota

AMSA

Yallaɓai Mai Walda, ba laifi ba ne. Yadda ka kwatanta garin nan na cikin akwati, ni ma sai da na ji ina son a buɗe mini in gani. Na tambayi masu sana'ar wayarin, sun ce ka yi hangen nesa: tsohuwar mota mai lafiyar inji takan zama kwanciyar gareji saboda rashin ɗan abu irin wannan. Ka kuma yi gaskiya a kan sito, danshi da zafi su ne ajalin kayan.

Amma a kan ɗaki, mai ɗakinka ta fi ka gaskiya. Sannan akwai maganar da ka faɗa ka wuce da sauri: ba ka taɓa jona ko ɗaya ba. Ke nan ba ka san abin da ka ajiye ba. Kai kakan sallama wa mutum ƙofa ba ka gwada ta a jikin gini ba? Masu sana'ar sun ce sai lambar jikin ƙwaƙwalwa ta dace da ta motarka, kuma wata ba ta karɓar makullinka sai an daidaita su da kwamfuta. Wataƙila cikin ukun nan ɗaya ce mai rai.

Ka kira mai wayarin ɗinka a makon nan ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi lafiya a bar ta a jikin Kaka, tsohuwar da aka lallaɓa ta koma ajiya, tunda ita ka san halinta. Abin da ya mutu a zubar, wanda har yanzu ake samu a kasuwa ka sayar. Za ka ga ragowar ba ta cika akwati ɗaya ba, kuma wa ya fi ka iya ƙera akwatin ƙarfe mai roba a bakin murfi? Kowanne a sa shi a ledar da ake yi don kayan lantarki, a jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Wurin ajiyarsa ƙarƙashin gadonka ne, ɓangarenka, ba nata ba. Ka nuna wa ɗaya daga cikin yaranka abin da ke ciki, kada sanin ya tsaya a kanka.

Kantocin kuwa kai da kanka za ka kwance, ka yi wa ɗakin fenti da wuri ya sha iska. Sannan ka bugo wa 'yarka ka ce ɗakinta yana jiranta. Dariyar da ta yi tambaya ce, kuma har yanzu ba ka ba ta amsa ba.

Ranar naƙuda mota mai tashi bugu ɗaya ake bukata, ba kaya a jere ba. Wannan karon a yi ƙoƙari a riga jariri isa asibiti, 'Yar Mota ɗaya ta ishi gida. Allah ya sauke ta lafiya, ya ja kwanan Kaka, ya kuma dawo maka da shayinka.