Hatimin Kakarmu Ya Dawo Gida

Burj Hammud, Beirut

Zuwa ga ƙanena Hrant,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka a can birnin Marsai. Ina roƙon Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka ciwon bayan nan. Mu nan da sauƙi. Maigidana Garo ya koma shago, 'yata Sirun ta kusa haihuwa, Inna kuwa idon ya tafi gaba ɗaya, da hannu take gane komai. A kanta na zauna rubuta maka, kuma raina a ɓace yake.

Da ɗanka Shant ya zo hutu, ya ga hatimin katakon da muke danna wa gurasarmu ta gargajiya, kata, kafin a gasa, wanda kakarmu ta ɗauro a ƙugunta daga garinsu Marash. Ya ce ya tsage, asara ce a bar shi cikin gari da mai, gara ya tafi da shi ya sa a gilashi. Ya yi ta zuba mini bayani, wai alamar dawwama da ke jikinsa, mai kama da rana tana juyawa, yanzu ta shiga sahun haruffan kwamfuta, an ba ta lambarta, duk wayar da ta san lambar za ta fito da ita. Wai ma guda biyu ne, mai juyawa dama da mai juyawa hagu. Ya duba gurasarmu ya ga tamu dama take yi, ya danno ta a waya ya aika wa mai injin sassaƙa. Kafin ya tafi da tsohon ya miƙo mini sabon hatimi sumul, yana cewa Gwaggo an shigo zamani.

To, mai ilimi, ko ba a koya masa cewa hatimi a juye yake fita ba? An sassaƙa alamar yadda take a waya, da na danna a ƙullu sai ga ta tana juyawa hagu. Ni ban ma lura ba. Ranar Lahadi na kai wa Inna gurasar da zafinta, ta bi saman da yatsa, ta sake bi, ta ture farantin. Ta ce wannan ba gurasar gidanmu ba ce, ranar da ke kan tamu gaba take tafiya, wannan baya take komawa, kuma ina tsagar da ke gefe? Na rantse mata ni na kwaɓa, ta ce in daina yi mata wayon yara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dariyar da ka yi a waya, kana cewa ai duka biyun daidai ne, masana sun amince da su. Su masanan ne za su zo su ba ta abinci? Garo ya ce a sake sassaƙa wani a juye, na ce to tsagar fa, ita ma tana da lamba? Tun ranar ba ta karɓar komai daga hannuna sai shayi, har zoben aurenta ya fara zamewa daga yatsa.

Ban hana Shant alfahari da alamarsa ba, ya aika wa duk wanda ya ga dama. Amma ka ciro katakon nan daga gilashi, ka ba duk mai tahowa Beirut kafin bikin Ista. Kada ka sa a gidan waya, kada kuma ka ce mini sai bazara.

Ka gaida matarka Takuhi, ka sumbaci Lori ƙarama, Shant ma ka gaishe shi duk da haka. Da za ka ce in gaida Inna, ka sani ban san yadda zan isar ba. Jiya ta kamo hannuna ta yi ƙasa da murya, ta ce baiwar Allah, ke da alama mutuniyar kirki ce, ki taimaka ki gaya wa 'ya'yana su zo su mayar da ni gida.

Yayarka da ke jira,
Zabel