Kujerar da Ta Riƙe Fada

Kilmoyra, Mayo,
25 ga Oktoba, 1987.

Zuwa ga ƙanwata Attracta,

Gaisuwa mai yawa daga tsohon gidanmu har zuwa Cleveland. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Ambrose da yaran duka, ya kuma sa ƙafar nan taki ta daina kumburi kafin sanyi ya kankama. Ni dai ina nan yadda kika san ni. Gwiwa na ciwo, tari na zuwa yana tafiya, likita na cewa in bar taba, ni kuma ina ce masa to. Ruwan sama bai ɗauke ba tun ƙarshen Agusta, amma an samu an tone dankali. Gwaggo Nonie ta cika casa'in da ɗaya. Da na je duba ta, ta ɗauka Baba ne, ta yi mini faɗa a kan wata saniya da aka sayar kafin a haife ni.

Na san za ki yi mamakin doguwar wasiƙa daga mutumin da ya saba aiko miki layi huɗu a katin Kirsimeti. To, abin da ya faru ke nan: an yi sujadar gida a ɗakin girkin Mama ranar Asabar da ta wuce, kuma saura kaɗan a ce ni ne na kashe al'adar a unguwarmu.

Kin tuna muna yara, gida goma sha tara ne ke karɓar Fada bi da bi, sau biyu a shekara, ya zo ya yi Mas, wato babbar sujadarmu ta coci, a kan teburin cin abinci. Yanzu gida biyar ne ke fitar da hayaƙi. Fada Cosgrove shi kaɗai ke riƙe da coci uku, ya gaji, ana gani a fuskarsa. A watan Agusta ya tsayar da mota a ƙofarmu ya ce layi ya zo kaina, amma in ban so ba laifi, shi ma ya fi son a mayar da komai coci daga bana. Na ce masa ya kwashe ya kai, ai dama an saba kwashe mana. An kwashe jirgin ƙasa, an rufe wurin tara madara, an kwashe samari zuwa Landan. Makarantar da na koyar shekara talatin da ɗaya yau rumbun ciyawar Packie Durkan ce, mutumin da muka zauna benci ɗaya muna yara, kuma shi ne ya fara sa hannu a rufe ta don a riƙa kai yara babbar makaranta a mota. Shekara goma sha biyu ban yi masa magana ba. Ikirarin zunubi ma tun lokacin ban je ba.

Kwana biyu bayan haka sai ga Delia Ruane, matar marigayi Jamesie, da bokiti da tsumma, ko sallama babu. Ta dubi bangon da hayaƙi ya mayar baƙi, ta dube ni, ta ce, "Malam, duk karatun nan naka na Galway bai koya maka riƙe tsintsiya ba?" Na ce mata na riga na gaya wa Fada ba na yi. Ta ce ta ji, ita kuma ta riga ta gaya masa ina yi. Sai ta nuna littattafan nan goma sha ɗaya da na cika da tarihin garin nan, waɗanda ba wanda ya taɓa karantawa sai ɓera, ta tambaye ni ko a shafin ƙarshe zan rubuta cewa ni, Fintan Geraghty, ni ne na rufe ƙofar da kakannina suka buɗe. Attracta, maganar ta soke ni. Ni na rubuta da hannuna yadda kakan kakanmu Manus ya ɓoye firist a gidan nan zamanin da doka ta hana Mas, da yadda a shekarar babbar yunwa aka yi sujadar a nan, ba abin da aka iya ba Fada sai ruwan zafi.  Delia ba ta jira amsata ba, ta fara wanke taga.

Ranar Litinin ta makon sujadar unguwa ta fito gayya. Mata suka shafe bango da farar ƙasa ciki da waje, maza suka datse shinge, suka cike ramukan hanya da tsakuwa don motar Fada. Ni aka kore ni daga gidana kamar kaza. Ranar Juma'a da rana sai ga Packie da gwangwanin koren fenti, ragowar wanda ya shafa wa ƙofar garken shanunsa. Kin san mutanenmu, in Fada zai zo, duk abin da ba ya motsi sai ya sha fenti. Ya shafe ƙofa, ya shafe taga, ya shafe kabad ɗin kwanuka, sannan ya jawo kujerar Baba mai hannu. Tun da ba ma magana, sai na juya na ce wa karena fentin ƙarfe ba zai bushe a kan katako ba cikin wannan damshi. Packie ya duƙa ya shafa kan karen, ya ce masa ya gaya wa ubangidansa shi yana fenti tun Malam bai san Latin ba. Delia ta ce da karen ya gudu, don in ya tsaya tsakanin tsofaffin wawaye biyu shi ma kore zai koma.

Da safiyar Asabar mutum talatin da ɗaya suka cika gidan. Na ƙirga, halin malami ba ya barin mutum. An shimfiɗa farin ƙyallen Mama a teburi, an kunna kyandir biyu. Aka kai kujerar Baba ɗakin ciki kusa da murhu don Fada ya zauna ya saurari ikirari kafin Mas. Packie ya taɓa ta da yatsa, ya nuna wa kowa, a bushe. Mutane suka yi ta shiga suna fita, minti biyu biyu, don zunubin Kilmoyra ba shi da yawa kuma Fada ya haddace shi. Da aka gama sai Delia ta sa hannu a bayana ta tura ni ciki ta ja ƙofa.

Minti arba'in na yi a durƙushe, wuta na ci ganga-ganga. Gaskiya rabin lokacin zunuban Packie na yi ta lissafawa, har Fada ya ce, "Malam, na maƙwabcinka na ji su ɗazu daga bakinsa, naka nake jira." To, na faɗa. Ba zan gaya miki ba, amma na faɗa, kuma na ji ƙirjina ya yi sauƙi. Ya yi mini addu'ar gafara, ya yunƙura zai tashi, sai kujera ta tashi tare da shi. Zafin wuta ya narkar da fentin. Ya yi taku biyu a sunkuye, ƙafafun kujera huɗu na nuna ƙofa, ya ce da ni a hankali in kira wani mai ƙarfi. Packie ya riƙe kujera, ni na riƙe Fada a hammata, Delia na ba da umarni. Da suka rabu, an ji ƙarar har tsakar gida. Attracta, na yi dariyar da ban yi irinta ba tun rasuwar Mama, har na zauna a ƙasa ina share hawaye. Packie ya dube ni ido cikin ido, karo na farko a shekara goma sha biyu, ya ce, "Fintan, kada ka ɗora wa fentina. Zunubanka ne suka manne bawan Allah." Na ce masa da ya karanta rubutun jikin gwangwanin da ba haka ba, amma na manta ni da shi aka koya wa karatu, ni kaɗai na ɗauka.

Doguwar rigar Mas ta rufa wa Fada asiri. Bayan sujada aka sha shayi da burodin da Delia ta gasa, da dafaffen ƙwai, da soyayyen naman alade. Fada a tsaye ya ci nasa. Kowa ya san abin da ya saura: bisa al'ada, kafin ya tafi zai tambayi gidan da zai karɓa na gaba, kuma kowa ya ji cewa bana ba zai tambaya ba. Sai Packie ya ce tun da an taru, Malam ya karanta wani abu daga littattafan nan, kada ɓera ya fi mu ilimi. Na buɗe na huɗu, na karanta sunayen gidaje goma sha taran nan, da inda mutanen kowane gida suka nufa. Sunanki na ciki. Sai kowa ya fara sa baki, wannan ya ce kakarsa ce, wancan ya ce an manta da wanda ya tafi Sydney. Packie ya ce na yi kuskure a shekarar da rufin gidan Lavelle ya faɗi. Na duba daga baya, shi ke da gaskiya, abin ya ba ni haushi ƙwarai.

 Sannan Fada ya ajiye kofi ya ce, to, wa zai karɓa a watan Maris? Packie ya ɗaga hannu, da koren fenti har gwiwar hannunsa. Fada ya ce ya yarda, amma da kujerarsa zai zo.

Kada ki ɗauka na canza. Jirgin ƙasa ba zai dawo ba, makarantata na nan cike da ciyawa, kuma har gobe Packie bai kyauta ba. Amma na yi lissafi: gida biyar, sau biyu a shekara, layi zai sake zuwa kanmu a watan Maris na 1990. Ki zo, ƙanwata. Shekara ashirin da shida ke nan rabonki da ƙofar nan. Ki zo ki shimfiɗa ƙyallen Mama da hannunki, don Delia ta ce ni a karkace nake shimfiɗa shi. Kujerar Baba na nan da zaren baƙin wandon Fada manne a mazauninta, na hana kowa ya kankare har sai kin gani.

Ki gaida Ambrose, ki gaida Colm da matarsa, da ƙaramar Nuala, da Gwaggo Bea idan har tana gane mutane. Delia na gaishe ki. Packie ma ya ce in gaishe ki, kuma ni ya faɗa wa, ba kare ba. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu.

Yayanki,
Fintan